Ƙarin Jinin Yaya Bashir

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Bashir. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, yanzu na kusa gama sakandare. Ba ni da yawan magana, shi ya sa na ga gara in rubuta. Na fi sakewa da Turanci, amma na zaɓi Hausa saboda masu jin Turanci sun riga sun ji labarin a bana. Mutanenmu na unguwar Tremont, a nan ƙasar waje da muke zaune, su ne ba su ji ba.

Yaya Bashir ɗan tseren keke ne. Bayan rasuwar Abbanmu ya fara kai wa mutane abinci gida a keke, daga nan ya riƙa shiga tseren da ake yi da safiyar Asabar. A can wani kulob ya gan shi ya ɗauke shi, ana biyansa albashi, ana yawo da shi jihohi. Takalminsa na tsere yana da ƙarfe a ƙasa, don haka tun yana hawa na farko nake jin ƙwas-ƙwas ɗinsa a matakala. Yakan aske gashin ƙafarsa tas, kamar sauran 'yan tsere. Kawu Lawal, ƙanin Umma mai tuƙa tasi, bai taɓa barin wannan ya wuce ba.

"Kai Bashir, saura lalle kawai. Yaushe za mu kai ki ɗakinki?"

"Ranar da ka hau bene uku ba ka zauna ba, Kawu."

A shekararsa ta biyu a kulob ɗin ya rame. Ya koma sa riga mai dogon hannu ko ana zafi. Idan ya naɗe hannun rigar zai yi alwala, nakan ga tabon allura a lanƙwasar hannunsa, wani lokaci da 'yar filasta a kai. Wata rana da la'asar ina aikin makaranta a teburin kicin, Umma tana wanke shinkafa, sai ya zo ya tsaya a bayanta.

"Umma, ƙarin jini ake yi mana."

Yanzu na san abin da yake nufi. Likitan kulob yakan ɗebi jinin ɗan tsere ya ajiye a firij. Idan babban tsere ya matso sai a mayar masa da jinin, ya hau tudu ba tare da ya gaji kamar sauran ba. Dokar wasan ta hana, maguɗi ne. Amma a wurin Umma ƙarin jini ma'anarsa ɗaya ce. Shi ne abin da ake yi wa mai jego da ta zubar da jini, ko yaro mai sikila. Ta saki shinkafar, ta ja fatar ƙasan idonsa da jiƙaƙƙen yatsanta ta duba.

"Innalillahi. Tun yaushe? Shi ya sa ka koma kamar tsinke."

"Ba ciwo ba ne, Umma. Abin da ake yin ne ba daidai ba."

"Ai dama ba daidai ba ne. Mutum ba jini a jika, a ce ya hau keke?"

Ya kalle ni, ya kalle ta. Ina jin bakinsa ne ya kasa furta wa mahaifiyarsa cewa ya yi ha'inci. Daga ranar gidanmu ya koma gidan hanta da zogale da alayyahu. Matan masallaci suka sa shi a addu'a. Duk abin da aka zuba masa yakan cinye, mutumin da jini ya yi wa yawa. Ni ma a lokacin ciwo na ɗauka.

Ban san abin da ya kai shi wurin hukumar da ke binciken irin wannan maguɗi ba. Ba a kama shi ba, ba wanda ya kira shi. Da ƙafarsa ya je, ya faɗi sunan likitan, ya faɗi inda firij ɗin yake a bayan motar kulob, ya fara da sunan kansa.

Ba a jima ba wani mutumin kulob mai fara'a ya zo gidanmu da kwandon lemo da tuffa, lokacin Yaya ba ya nan. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba, wannan ya burge Umma. Ta ba shi zoɓo. Ya tambayi lafiyar Bashir, ita kuma ta yi masa bayani da Turancinta, cewa yaron ya daɗe yana fama da ciwon jini, har ƙara masa ake yi. Ta roƙe shi su riƙa rage masa aiki.

Sanarwar da kulob ya fitar bayan haka gajera ce. Sun ce Bashir yana da ciwon jini da ya ɓoye musu, a waje ake yi masa ƙari, mahaifiyarsa da kanta ta tabbatar. Sun ce haushin rashin sabunta masa kwantiragi ne ya sa ya ƙirƙiri sauran. An gwada abokan tserensa ba a sami komai ba, tunda jinin nasu ne aka mayar musu. Shi kaɗai aka dakatar, saboda shi kaɗai ya amsa laifi. Bai taɓa gaya wa Umma cewa da maganarta aka kayar da shi ba.

A unguwa ma bai sami masu tsaya masa ba. Na ji Kawu Lawal yana yi masa faɗa a falo.

"Ko da gaskiya ne, mutanen da suka ɗauko ka daga kai shinkafa? Kullum roƙonmu Allah ya rufa asiri, kai ka je kana tonawa."

"Nawa na fara tonawa, Kawu."

"To wa ya aike ka?"

Bara malamarmu ta ce kowa ya kawo kalmar da ake kiran mai fallasa ɓarna a wurin aikinsa da harshen gidansu. Na tambaya a gida. Aka ce mai tonon asiri, aka ce ɗan tsegumi, wata ta ce munafuki. Babu wadda za a kira mutum da ita ya ji daɗi. Na bar gurbin ba komai.

Ya koma kai abinci. Wata rana da rani ya zauna a matakalar wani gida kusa da 125th Street da jakar abinci a bayansa, bai sake tashi ba. Likita ya ce zuciyarsa ce ta tsaya. Ko abin da aka yi wa jininsa ne ya jawo, ba wanda ya iya cewa. Ga masu ta'aziyya kuwa Umma ta ce ciwon jinin nan ne, kowa ya gyaɗa kai. Ban yi kuka ba. Na zauna a bakin ƙofa ina jera takalman baƙi.

A bana wasu mutum biyu da suka yi kulob ɗaya da shi, waɗanda suka riga suka bar tsere, suka yi doguwar hira. Likitan nan dai suka ambata, da firij ɗin nan na bayan mota. Mutane sai yabon jarumtarsu suke yi. Yaya ya fito a magana ɗaya tak, wai akwai wani ɗan Najeriya da ya taɓa faɗa. A jirgin ƙasa na kalli hirar a wayata, ina hanyar makaranta. Na jira in ji wani abu, daɗi ko fushi, ban ji ba. Tashata ta zo na sauka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Wataƙila ya tambaya me ya sa maganar ta fi shiga kunne da ta fito daga bakinsu, bayan ba su da sauran abin da za su rasa. Wataƙila kuma ya yi shiru ya ci gaba da goge sarƙar kekensa. Na fi zaton na biyun.

Sai wata 'yar jarida ta kira gidanmu. Tambayarta ɗaya ce: da gaske Bashir yana da ciwon jini? Har yau kulob ɗin a kan wannan maganar ya tsaya. Dole na zaunar da Umma na fassara mata hirar, na fassara mata tsohuwar sanarwar, har wurin da aka ambace ta. Ta gane abin da ke gabanta tun kafin in gama. Idan ta ce ya yi ciwo, ɗanta bai yi maguɗi ba, amma ya mutu maƙaryaci. Idan ta ce bai yi ba, ya faɗi gaskiya, amma sai ta yarda ya yi ha'inci, a gaban mutanen da ta shekara biyar tana gaya wa wani abu dabam. Ta ci gaba da fita aikinta na kula da tsofaffi, tana dawowa.

Ranar da ya cika shekara biyar da rasuwa Umma ta soya masa ta sadaka, mata suka cika falo. Anti Rakiya, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya sa ciwon da yaron nan ya sha ya zama kaffara."

"Bai yi ciwo ba," in ji Umma.

Wasu sun riga sun ce amin.

"Lafiyarsa ƙalau. Maguɗi aka sa su suka yi, shi ma ya yi. Ya zo ya faɗa min a kicin ɗin can, ni ce ban ji ba."

Anti Rakiya ta sauke hannunta a hankali ta ɗora a cinya. Wata ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta. Kawu Lawal yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota, ya cire hularsa ya duba cikinta, ya mayar.

Ba na tsammanin wata hukuma za ta wanke Yaya, tunda abin da ya ce ya yi, ya yi shi. Kofunan da ya ci ma ban san ko nasa ba ne. Abin da na san nasa ne shi ne ya faɗi laifinsa lokacin da ba wanda ya tambaye shi, kuma mahaifiyarsa ya fara zuwa ya gaya wa. Ban san ko wannan ya ishi mutum a tuna da shi ba. Shi ne dai abin da ya rage mana.

Da baƙi suka watse muna tattara faranti, Umma ta miƙo min wayarta.

"Kira min 'yar jaridar nan. Yadda na faɗa haka za ki faɗa mata. Kar ki gyara min shi."