Injiniyan Da Na Ƙera Wa Inna

Yau shekara huɗu ke nan da muka rufe ƙanena Mutari a maƙabartar Musulmi ta nan Greensboro. Shekara huɗu ba komai ba ce ga wanda bai yi rashi ba, amma ni a gwiwoyina nake jin su. Duk wanda ya zo gaisuwa a wancan lokaci ya ji na ce marigayin injiniya ne. Haka na faɗa a masallaci, haka na faɗa wa mutanenmu na Damagaram ta waya, haka kuma na yi ta faɗa wa mahaifiyarmu, Inna, tun yana da rai. Mutari ba injiniya ba ne. Mai walda ne, kuma ni na ƙera wannan ƙarya da hannuna.

Gidanmu gidan malamai ne. Babanmu, Malam Habu, ya yi limancin unguwa har ya bar duniya, kuma mun taso muna jin cewa hannun ɗan gidan nan na alƙalami ne da tawada. A garinmu ƙira gado ce. Maƙera suna da unguwarsu, ana nemansu da fara'a idan garma ta karye, amma ba a taɓa jin ɗan liman ya zauna bakin maƙera ba. Na zo Amurka na bar abubuwa da yawa a baya, ban da wannan. Abin dariya, ni ɗin nan na fi shekara goma a masana'antar kujeru ina harba ƙusa a katako daga safe zuwa yamma, amma ko sau ɗaya ban ɗauki kaina kafinta ba. A raina ni ɗan malam ne da yake ɗan taɓa aiki kafin abu ya daidaita.

Mutari ya biyo ni daga baya, muka zauna tare a wani ƙaramin gidan haya a unguwar Glenwood. Na girme shi da shekara goma sha ɗaya. Ya shiga soja ne saboda an ce hanyar takardar zama ɗan ƙasa ta fi sauƙi ta nan, kuma gwamnati na ɗaukar nauyin karatun wanda ya gama aikin. Ba a jima ba aka tura su Iraƙi. Ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu, muka yi ta hamdala, sai daga baya muka lura kunnensa na hagu ya mutu, kuma ba ya zama sai inda yake ganin ƙofa. Idan motar shara ta buga ƙarfenta a titi, sai ka ga cokali ya faɗi daga hannunsa.

Ni kuwa na riga na gama tsara masa rayuwa. Ga jami'a a bakin ƙofarmu, tafiyar ƙafa ce, ga gwamnati za ta biya. Kafin ya cike takarda ko ɗaya na buga wa Inna na ce autanta zai zama injiniya. Ya shiga, ya yi zangon karatu ɗaya da ƙyar. Ya ce ba ya iya zama a babban ɗaki da mutane a bayansa, kuma rabin abin da malami ke faɗi yana ɓacewa a mataccen kunnen. Na ce ragwanci ne. Allah Ya yafe mini, haka na ce.

Wani abokinsa da suka yi soja tare ne ya kai shi makarantar koyon sana'a. Ranar wata Asabar muna cin abincin rana ya ajiye cokali ya ce, "Yaya, na bar jami'a. Na shiga kilas ɗin walda."

"Walda?" na ce. "Ɗan Malam Habu ne zai koma maƙeri? Ka tsallake teku, ka tsallake harsashi, don ka zo ka durƙusa gaban wuta da ƙarfe?"

"Ba ƙira ba ce, Yaya. Kuma ko ƙirar ce, mene ne?" Sannan ya ce, "Idan na sauke murfin waldar nan a fuskata, komai sai ya yi baƙi, ɗigon haske ɗaya kawai nake gani, shi nake bi. Tun da na dawo, a nan ne kaɗai kaina yake yin shiru."

Na ji maganar da kunnuwana biyu masu lafiya, amma ba ta shige ni ba. Abin da ke gabana shi ne me za a ce a Damagaram. Na ce ya yi abin da ya ga dama, tunda ya girma, amma da sharaɗi ɗaya: kada Inna ta ji. Tsohuwa ce, na ce, wannan zai karya mata zuciya. Ya dube ni ya ce, "To, Yaya."

Ina kallo yaron ya dawo hayyacinsa, amma na ƙi yarda cewa sana'ar ce ta dawo da shi. Ya yi ƙiba, ya soma tsokanar matata a kan yajin miyarta kamar da. Rigunansa duk suka cika da ƙananan huji, damatsansa da tabon tartsatsi. Wani lokaci ya shigo da guntun bututu ya miƙo mini ya ce, "Dubi ɗinkin nan, Yaya, kamar na tela." Ni kuma in karɓa da yatsu biyu in ajiye. Da ya gama, aka sa ranar ba su satifiket, ya gayyace ni har sau biyu. Na ce ina da aiki. Gaskiya ina da aikin, amma ni na je na roƙi shugabanmu ya sa ni obataim, wato ƙarin aiki, a ranar.

Ya samu aiki a wani wurin haɗa ƙarafan gini can wajen McLeansville, ya sayi tsohuwar a-kori-kura, yana fita da sassafe. Da wannan sana'ar ya kai Inna Makka. Mutanen unguwa suka yi ta cewa ɗanta injiniya ne ya biya mata, ni kuma ina jin daɗin hakan kamar ni na yi.

Wata safiyar hunturu ruwa ya daskare a kan titi, motarsa ta zame a hanyar zuwa aiki. Mutumin da Iraƙi ta sako mana, titin ƙauye ya ɗauke. A maƙabarta abokan aikinsa shida suka zo, farare da baƙaƙe, yawancinsu tsofaffin sojoji. Suka tsaya can gefe cikin takalman aiki, huluna a hannu, ba su san inda za su sa kansu ba. Ɗaya daga cikinsu yana kuka kamar shi ne ɗan'uwan. Wani dattijonmu ya raɗa mini, "Su waye waɗancan?" Na ce, "Ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa ne, Alhaji." Ƙasar kabarin ƙanena tana hannuna ban ko kakkaɓe ba, na faɗi haka.

Yanzu ga inda muke. Bara masana'antar kujerun ta rufe, an ce aikin ya koma wata ƙasa. Garin nan ya yi sanyi. Mutanenmu da yawa suna zaune, masu digiri suna ja-in-ja a kan tasi, kowa ka gaisa da shi sai ya ce sai haƙuri. Na je ofishin masu neman aiki, wata mata ta miƙo mini takarda ta ce in zaɓi sana'ar da zan koya: walda, aikin famfo, wayarin lantarki, ko gyaran na'urar sanyaya gida da ɗumama shi. Na zaɓi ta ƙarshen. Na ce idanuna ba za su iya walda ba, kuma rabin wannan gaskiya ne.

Haka na tsinci kaina, da furfurata, a makarantar da na hana kaina takawa ranar bikin ba shi satifiket. Kusan rabin ajinmu samari ne da suka dawo daga yaƙi. Ba sai an faɗa mini ba, ina gane su daga inda suke zaɓar zama. Wasu suna gamawa su samu abin yi, wasu su yi mako uku su ɓace, ba wanda ya san inda suka nufa. Makarantar ba maganin kowa ba ce, kuma a wannan yanayi ko mai satifiket sai ya sha yawo. Amma na ga hannun da ke rawa ya daina rawa idan aka ba shi abin da zai gyara. Nakan tambayi kaina me Mutari zai ce da ya ga ɗan Malam Habu na fari kwance a ƙasa yana kwance ƙusoshin na'ura. Na san ba zai ce ai na faɗa maka ba, ba halinsa ba ne. Dariya zai yi har ya riƙe ciki, sannan ya durƙusa ya nuna mini cewa na juya sifanar ta baibai.

Malamin walda, wani tsohon Bature da shi ma ya yi soja a zamaninsa, ya ga sunan gidanmu a takarda ya neme ni. Shi ya gaya mini abin da ban sani ba, cewa bayan Mutari ya samu aiki yakan dawo ranar Asabar ya zauna da sababbin da suka kasa natsuwa, ba ya yi musu wa'azi, riƙe musu ƙarfe kawai yake yi har hannunsu ya zauna. Ya ce yana yawan zancena, wai ni na kawo shi ƙasar nan, ni ne ubansa a nan. Na ce na gode, na fita na zauna a mota na kasa tayar da ita.

A watan jiya ƙanwata ta ce jikin Inna ya yi rauni, ido ya tafi, abinci sai an lallaɓa. Tsoro ya kama ni, kada ta bar duniya tana yi wa wani injiniya addu'a, mutumin da ba a taɓa haifa ba, ɗanta na gaskiya kuwa ba ta san shi ba. Na sayi katin waya na yi kwana uku yana aljihuna. Ran na huɗu da hantsi na kira. Muka gaisa, na tambayi jiki, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Inna, akwai maganar da na daɗe da ɓoye miki. Mutari ba injiniya ba ne. Walda yake yi, aikin wuta da ƙarfe. Ni na hana shi faɗa miki."

Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai, a kan wannan ka kira ni? Ai na sani tun yana lakwal ɗin, makarantar waldar nan. Shi da bakinsa ya gaya mini, ya ce ba zai iya yi mini ƙarya ba. Na ce masa Annabi Dawuda ma ƙarfe ya sarrafa, Allah Ya yi albarka." Ta yi tari, ta ci gaba. "Ya ce, Inna, in Yaya ya ce injiniya, ke ma ki ce injiniya. Shi abin ya yi wa nauyi, kada mu kunyata shi. Shekara nawa ina ta maimaita maka kalmar nan, ko iya faɗarta sosai ban yi ba."

Ban san wane gini ne a jihar nan yake tsaye a kan ɗinkinsa ba, ba a rubuta sunan mai walda a bango. Abin da na sani ya saura daga gare shi shi ne wannan: duk shekarun da na ɗauka ni nake rufa wa gidanmu asiri, ashe tsohuwa makauniya da yaro mai kunne ɗaya ne suka haɗa baki suke rufa mini nawa. Ɗayansu ya tafi ban ce masa ya yafe mini ba.

Allah Ya ji ƙan Mutari mai walda, ɗan Malam Habu, Ya sanyaya masa makwanci.