Ƙusar Gwaggo

Gidan da na fara ajiye iyali ba nawa ba ne, ba kuma na haya ba ne. Tsohon bariki ne na zamanin Turawa, can bayan ofisoshin gwamnati a Potiskum, inda a da manyan ma'aikata ke sauka in sun zo rangadi. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, an shafe shi da farar ƙasa, baranda ta zagaye shi, ga itatuwan maina da mangwaro da suka girmi mahaifina. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen ayyuka, barikin ya rasa mai kula da shi. Jemagu sun cika silin, awakin unguwa sun mayar da lambun wurin kiwonsu. Sai shugaban sashenmu, wani dattijo da ke son ginin nan kamar shi ya haife shi, ya ce in koma ɗakuna biyu na gefen gabas in zauna, in riƙa kula da wurin.

Ranar da zai ba ni makulli, ya kama hannuna ya kai ni wani ɗaki ya nuna mini tabo a bango, faɗinsa ya kai faifai.

"Ka ga nan? Wani ne ya ga dama ya rataye kalanda," in ji shi. "Yaɓen nan tsoho ne, masu iya haɗa irinsa sun ƙare. Ƙusa na shiga zai ɓantare, gara kuma ta samu ƙofa. Ka yi shara, ka ba shuka ruwa, ka kori akuya, ka yi aure ma in ka samu mai ɗaukarka. Amma ranar da na ga ƙusa ɗaya a bangon nan, ranar za ka naɗe tabarmarka."

Na ce na ji na yarda. Me gwauro zai rataye? Rigunana biyu a bayan kujera suke kwana.

Na kuwa riƙe aikin da gaske. Na toshe inda kwano ke yoyo, na sa raga a kafofin jemagu, na tayar da shingen furannin da ya kusa mutuwa. Ni da wata jar akuya muka yi ta yaƙi har muka san juna, in ta hango ni sai ta ƙara yago ɗaya kafin ta gudu. Ana cikin haka na samu mai ɗaukata. Da mahaifinta ya tambayi wakilaina ko yaron yana da muhalli, suka amsa da ƙarfinsu, har da cewa gidan akwai lambu. Ba wanda ya kawo zancen ƙusa, ni ma ban kawo ba. Wa zai je neman aure ya tsaya bayanin yaɓe?

Sai ranar jere ta zo. A al'ada, matan dangin amarya ne ke zuwa kafin a kawo ta, su shirya mata ɗaki, su tsara kayanta yadda duk wanda ya shigo zai san 'yar gata ce. Ango ba ya kusantar wurin, kunya ma ba za ta bar shi ba. Na shirya in gama ban-ruwa in sulale gidan abokina. Ina riƙe da bokiti sai ga a-kori-kura shaƙe da kaya, keke napep na biye da ita. Wadda ta fara saukowa Gwaggo ce, ƙanwar mahaifin amarya, wadda ta taso daga Gadaka takanas. Ita ta riƙe yarinyar tun bayan rasuwar mahaifiyarta. Doguwa ce, muryarta ba ta buƙatar lasifika, kuma a hannunta na dama akwai guduma.

Na ajiye bokitin. Na ji kamar in bi jar akuyar nan mu gudu tare.

Na bi su ciki na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa. Ta amsa, sannan ta ce, "To ango, mun gaisa. Tashi ka ba mu wuri."

"Gwaggo, akwai wata 'yar magana."

"Ka ajiye ta sai bayan biki."

"Gwaggo, ai maganar ba ta ajiyuwa. Bangon nan ba a kafa masa ƙusa."

Ta dube ni, ta dubi bangon, ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. "Me ya same shi?"

"Na gwamnati ne."

"To gwamnatin ce za ta kwana a ɗakin?"

Matan suka tuntsire da dariya, wata har da guɗa. Ni kuwa ba halin in miƙe, don ba a jayayya da suruka a tsaye, ba kuma halin in fita. Gwaggo ta zaro ƙusa daga bakin zaninta ta nufi bangon gabas. Na ja jiki a durƙushe na riga ta, na jingina bayana daidai wurin. Ta juya ta nufi na kudu, na sake jan jiki. Haka muka zagaye ɗakin nan, ita a tsaye da guduma, ni ina tafiyar agwagwa da sabuwar shaddata, ina ta "Ki yi haƙuri, Gwaggo." Wata daga cikin matan ta ce, "Gwaggo, ki rataya masa labulen a wuya mana, tunda ya zama bango."

Da dariya ta lafa, sai dabara ta fara zuwa, kuma ba daga wurina ba. Wata ta ɗaura igiya a ƙarafan taga, labule ya hau. Agogon bango aka ɗora shi kan kabad. Hotunan Makka da Madina suka samu wuri a saman akwatuna. Gwaggo tana ta mita da yarensu na can Gadaka, amma tana miƙa kaya. Har na fara jin numfashina yana dawowa, sai ta kwance wani tsohon zani ta fito da madubi.

Ba wani madubin a zo a gani ba ne. Katakonsa ya yi baƙi don tsufa, gefensa ɗaya ya dushe. Amma da ta ɗaga shi, matan duk suka bar abin da suke yi suka juyo.

"Wannan na uwarta ne," in ji Gwaggo, muryarta ta sauka. "Tun da aka kawo shi gidan yayana yake rataye. Ni na sauke shi ranar da ta rasu, na ce ba zai sake hawa bango ba sai a ɗakin 'yarta. Shi ma kan akwati za ka ce in ɗora?"

Wallahi na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji haushin ginin, da Turawan da suka gina shi, da dattijon da ya ba ni makulli. Amma na san abin da zai biyo baya, don haka na faɗa mata gaskiya. Na ce in ƙusar nan ta shiga, kafin a gama cin garar biki an kore mu, kuma ba ni da wani wurin da zan kai 'yarta.

"To sai a dakata da kawo amarya," in ji ta, "har ka samu bangon da ke karɓar ƙusa."

Ba wasa take ba. Ta sa aka kira mata amaryar a waya, aka buɗe murya kowa na ji. Ita tana can gida an ƙunsa mata lalle, wata ce ma ta riƙe mata wayar. Gwaggo ta zayyana mata komai, ba ta rage mini ko ɗaya ba, har da tafiyar agwagwa. Ni dai ina kallon siminti, gwiwoyina sun mutu.

Can sai muka ji 'yar murya ƙasa-ƙasa. "Gwaggo, a jingine shi kawai. Ai Inna ma a zaune take kwalliya."

Gwaggo ta daɗe tana kallon wayar. Ta faɗi wata kalma da yarensu wadda ban gane ba, ba kuma wadda ta yi dariya. Sannan ta shimfiɗa 'yar darduma a gindin bango, ta jingine madubin a kai da hannu biyu. Ƙusar kuwa ba ta yar ba. Ta ɗaga ta saitin hancina ta ce, "Wannan zan ba 'yata. Duk ranar da ka ɓata mata rai, ta kafa."

Ta kuwa ba ta. Ban san akwai makami irin wannan a zaman aure ba sai da na gani. Matata ba mai yawan faɗa ba ce. In na yi laifi, na dawo a makare ko na manta cefane, ba za ta ce uffan ba. Za ta kawo mini abinci da ladabi, in buɗe kwano in ga tuwo, in duba gefen tire in ga ƙusa a kwance kusa da cokali. Nan take nake tuno laifina, har da waɗanda ba ta sani ba. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce ai ba ta da guduma. Ta ce, "Malam, akwai taɓarya."

Shekaru suka yi ta tafiya a barikin nan. Duk safiya sai in gan ta zaune a tabarma, ta tanƙwashe ƙafa gaban madubin tana saka kwalli, in za ta ɗaura ɗankwali sai ta sunkuya. 'Ya'yanmu duk a madubin nan suka fara ganin fuskarsu, tun suna rarrafe, suna lasar shi. Dattijon sashenmu yakan zo ba sanarwa, ya bi bango yana shafawa da tafin hannu, ya leƙa bayan kabad. Ranar da ya fara ganin madubin a ƙasa ya tsaya ya dube shi, ya dube ni, daga ranar kuwa ya daina leƙa ɗakinmu.

Abin dariyar shi ne, a hankali matata ta fi shi tsanani. Ita ke fara gano hanyar gara a gindin bango, ta kira ni tun kafin ta yi nisa. Jemagu suka ƙaura gaba ɗaya, ni na ce ragata ce, ita ta ce turaren wutarta ne, har yau ba mu daidaita ba. Masu zuwa ɗaukar hoton biki a lambun, in wani ya kai hannu zai tsinki fure, daga taga za ta yi gyaran murya ya janye. Wani baƙo ya taɓa jingina babur a bangon baranda, bai sake ba. Jikokin jar akuyar nan ma sun san ta, ni suke rainawa.

Da Allah ya hore mana muka gina namu a unguwar Yerimaram, na bulo da siminti, aka ba wani matashi makullin barikin. Dattijon ya riga ya yi ritaya, amma sai da ya zo da sandarsa ya shafa bangon ɗakunanmu kusurwa-kusurwa. Bai samu ko ƙwarzane ba. Ya ce Allah ya yi mana albarka, ya juya da sauri yana gyara hula. Na ji daɗi ƙwarai, har na riƙa ɗaukar kaina wani gwarzo.

Ba mu gama sauke kaya a sabon gida ba sai ga keke napep a ƙofa. Gwaggo ce. Ta tsufa, sai an riƙe ta take sauka, amma gudumar nan tana hannunta. Ban san wa ya gaya mata ranar ba, ko da yake ina da wadda nake zargi.

"Ango," in ji ta, don har lokacin haka take kirana, ga furfura a gemuna. "Wannan bangon na wa ne?"

Na durƙusa na ce, "Naki ne, Gwaggo."

Matata ta kwance bakin gyalenta ta miƙa mata ƙusar, ta yi tsatsa. Gwaggo ta auna wuri, ta ɗaga guduma ta buga. Ƙusar ta lanƙwashe. Ta juyo ta harare ni kamar ni na kitsa da bulon. "Ka ga shi ma ya koyi halin gwamnati." Na ce a kawo sabuwa ta kankare, ta ce ba ta san wannan ba. Ta sa na miƙar mata da ita a kan dutse, ta lalubi tsakanin bulo da bulo, ta yi ta bugawa kaɗan-kaɗan tana haki har ta shiga. Da hannunta ta rataye madubin.

Matata ta matso ta tsaya a gabansa. Ta kai hannu ta gyara ɗankwali, ba ta sunkuya ba. Gwaggo ta zauna a bakin gado tana kallon bayanta, sai na ga tana share ido da gefen mayafi.

"Haka uwarki take tsayawa," in ji ta. "Sak."

Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Gwaggo, ba a zaune take kwalliya ba?"

"Wa? Uwarta?" Gwaggo ta dube ni sheƙeƙe. "Matar da ko abinci da ƙyar take zama ta ci? A tsaye take saka kwalli, yarinyar nan na riƙe da zaninta tana leƙe. Ban taɓa ganin ta zauna gaban madubin nan ba."

Na juya wurin matata. Ba ta waiwayo ba, ta cikin madubin ta dube ni, idonta ya ciko amma tana murmushi.

"To da ban faɗi haka ba, da ina za mu kwana, Malam?"

Na karɓi gudumar daga hannun Gwaggo na fita da ita tsakar gida, na daɗe a can ina neman inda zan ajiye ta.