Haƙorin Hadiza da Ƙwaryar Madara

Yau shekara huɗu cur, kuma ban yafe wa kaina ba.

A Beli ne da safe, 'yata Hadiza tana tatsa, saniya ta harbe ta a baki, haƙorin gaba ya faɗo ɗungurungum. Uwarta, wadda ko aji ɗaya ba ta shiga ba, ta miƙo ƙwarya.

"Malam, tsoma shi cikin madarar nan ku ruga asibiti."

Na ce, "Ke dai da camfi!" Na goge shi tas da sabulu, na naɗe a takarda.

Likita ya girgiza kai. "Baba, ka kashe saiwar. Da a madara ya zo, da mun mayar."

Jama'a, me karatuna ya tsinana mini?

Har yau Hadiza da hannu a baki take dariya.