Buta Mai Jan Zare

Shekarun baya, wajen lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira, ina aure a Toranke, shekaruna ashirin da 'yan kai, da ɗiya ɗaya. Maigidana ya tafi cin rani kudu tun da aka gama cirar gyaɗa, ya bar ni da mahaifiyarsa, Inna. Wata na biyar ke nan.

Zazzaɓi ne ya fara kayar da ni, da ciwon maƙogwaro, ko yawu ba na iya haɗiyewa. Da ya sake ni sai gyambo biyu suka fito mini a gabana, raɗaɗi kamar an zuba barkono. Wa zan gaya wa? Ni da ko tuwo ba na iya ci a gaban Inna don kunya.

Sai na yi dabara, ni a dole mai wayo. Na tsinto bagaruwa na tafasa, ina zama a ruwan a ɓoye. Na manta a wajenmu mai jego ce ke wannan zaman, ɗiyata kuwa har ta fara tafiya. Kwana biyu Inna ta tsinci tukunyar a bayan ɗaki.

"Ke, haihuwa kika yi ban sani ba?"

Na sunkuyar da kai. Ta sa aka kira ungozoma. Tsohuwar ta duba, ta wanke hannu har sau uku, ta ce, "Wannan ai tunjere ne." Wato ciwon da ake ɗauka wajen kwanciya da namiji. Inna ba ta yi faɗa ba. Yatsunta kawai ta lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya har biyar, watannin da ɗanta ba ya gida. Ranar ta ɗaura jan zare a wuyan wata butar duma, ta ce tawa ce ni kaɗai. Washegari ta ce in je gida in huta. Kowa ya san irin wannan hutun, saki ne ke biyo shi.

Gwaggona ta Ajingi ce ta tsaya mini.

"'Yar nan, dube ni. Kin yi?"

"Wallahi Gwaggo ban yi ba."

"To ɗauki mayafinki."

Muka hau motar kasuwa zuwa Gaya, malamin asibiti ya tura mu Kano. Can wata likita ta ɗebi jinina, ta tambaya ko zazzaɓi ya riga gyambon. Da sakamako ya fito ta ce ba tunjere ba ne. Ƙwayar cuta ce irin mai kawo zazzaɓi da mura, a jikin wasu mata masu ƙuruciya sai ta ɓarke ta nan, har budurwar da ba ta san namiji ba tana yi. Ta ba ni maganin raɗaɗi da takarda cikin Turanci. Mako uku na warke.

Gab da damina maigidana ya dawo, malamin firamare ya karanta masa takardar, ya zo biko da ƙafarsa. Allah ya ji ƙansa, bai taɓa tayar mini da maganar ba. Inna kuwa cewa ta yi, "Takarda ai abin da aka rubuta mata take faɗa."

Shekara goma sha tara muka ƙara tare da Inna. Na haifa mata jikoki shida, ni na yi jinyarta har ta cika. Amma duk sanda butata ta fashe, sai ta samo wata ta sake ɗaura zaren. Tun ina kuka har na gaji, na koma ni ke miƙo mata zaren.

Yanzu jikata ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce har yau suna ganin irin ciwon, kuma har yau dangi kafin su ce sannu sai sun ce wa ya yi. Na ce ku dai ku riƙa tambayar zazzaɓin tukuna. Ni na yafe wa Inna tuntuni, gajiyar ce dai ba ta sake ni ba.

Kwanan baya jikar ta sayo mana butocin roba uku, iri ɗaya. Da za ni alwala, sai na tsinci kaina a tsakar gidana ina duba wuyansu ɗaya bayan ɗaya, ina neman tawa.