Malam Bunyaminu da Igiyarsa ta Rama

Da an sallame sallar asuba a Illo, Malam Bunyaminu yakan buɗe ɗakin shan magani na hukumar En'e, ya share shi da kansa, ya dafa allurai a kan risho, ya jera kwalabe bisa tebur. Sai ya fito da kujerar katako ya ajiye a inuwar maɗaci, ɗan nesa da inda jama'a ke jira. Wannan kujera ta masu ciwon da ake jin kunyar faɗa ce. Shekara ashirin da shida ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma Katsina, garinsu. Karatuna aji huɗu ne, ban kuma saba magana cikin mutane ba, amma ba na so ya tafi ba a faɗi abin da ya yi wa gidanmu ba.

Mahaifina matuƙin jirgin ruwa ne, ana kiransa Arzika mai jirgi. Kowace ranar kasuwa yana ɗaukar fatake ta kogin Kwara zuwa wajen Dahomi, tafiyar rabin wuni. Shekara uku da suka wuce cikinsa ya fara ba shi wahala. Ya kumbura, ya murɗa, wani lokaci kwana uku babu bayan gida, wani lokaci kuma zawo ya zo masa babu sallama. In ya zagaya, ciwon ya lafa. A gida wannan da sauƙi. A tsakiyar ruwa da mutum goma sha biyu da buhunan albasa, ba sauƙi. Akwai wani tsibiri mai ciyawa a hanya, nan yake karkata jirgi ya sauka da gudu. Har fatake suka sa wa wurin suna Tashar Arzika.

Da farko dariya ake yi, shi ma yana tayawa. Daga baya mutane suka fara shiga wasu jirage, don mai tsayawa a hanya ba ya samun farkon ciniki. A damanar bara Sarkin Jirgi ya kira shi ya ce, “Arzika, ban ƙi ka ba, amma jama'a na kuka. In ruwa ya janye ba ka samu lafiya ba, ka ba ƙanenka jirgin.” Jirgin nan shi ke ciyar da mu, kuma tun yana yaro bai san wani aiki ba.

Baba ya tabbata jifa aka yi masa. Ya sha rubutu, ya yi turare. Inna kuwa kowace jajibirin kasuwa sai ta jiƙa masa ganyen filasko mai sa zawo, wai a wanke cikin tun a gida don kada ya tashi a hanya. Da ƙyar ta lallashe shi ya je wurin Malam.

Baba Bakabe ne, Malam Bakatsine, saboda haka akwai wasa tsakaninsu. Inna ta ce Malam na hango su ya ce, “Yau bawana ya tuna da ubangijinsa. Zauna nan, mai tasha.”

“Wa ag gaya maka wanga zance?” in ji Baba.

“Kwaɗin tsibirin ne suka kawo ƙara.”

Da aka gama dariya sai Malam ya yi ta tambaya a hankali. Ko akwai jini? Ko yana rama? Ko zazzaɓi? Ko ciwon na tashe shi daga barci? Duk babu. Ya ba shi maganin tsutsa, ba a ga canji ba. Bai tsaya nan ba, ya rubuta takarda ya tura shi Birnin Kabi likita ya duba. Aka gwada, aka ce ba a ga komai ba. Baba ya dawo yana cewa, “To ka gani. Abin da likita bai gani ba, ai na mutane ne.”

Malam ya ce, “Ba na mutane ba ne, kuma ba ƙarya kake ba. Akwai hanji mai saurin fushi. Ba ya kisa, ba ya cin jiki, amma ba ni da allurar da za ta kore shi. Abin da za mu yi shi ne mu gano me ke ba shi haushi, don na kowa daban ne. Ɗiyarka ta yi makaranta, ta riƙa rubuta abin da ka ci da yadda ka kwana.”

Baba ya miƙe tsaye. Ni ce 'yar farinsa, ko sunana ba ya faɗa. “Ɗiyata ta rubuta zagayena? Gara in sai da jirgin.”

Da wani ne, da sai ya ce taurin kai ne ya sallame shi. Malam Bunyaminu ya shiga ɗaki ya fito da igiyar rama. Ya ce kowace rana Baba ya yi ƙulli ɗaya, ranar da ciki ya tashi ya yi biyu. A cikin ƙullin kuma ya cusa alamar abin da ya ci: ƙwayar wake in wake ne, ɗan ɓallin goro, farar auduga in nono ne, ganye in jiƙo ne. Matuƙin jirgi ba a koya masa ƙulli. Baba ya rataye igiyar a ɗakinsa, ba wanda ya taɓa ta sai shi.

Bayan mako shida ya kai ta. Malam ya shimfiɗa ta a ƙasa ƙarƙashin maɗacin, suka bi ta da yatsa. Wake bai yi laifi ba, tuwo bai yi ba. Masu ƙulli biyu kusan duk ranar kasuwa suka faɗa, kuma a kowanne akwai goro, akwai auduga, a ƙullin jajibirinsa kuma akwai ganye.

“Faɗa mini safiyar kasuwa,” in ji Malam.

Ashe Baba ba ya karyawa, don tsoron kada abinci ya tayar da cikin. Sai ya ci goro biyu da yunwa, filaskon jiya na aiki, in rana ta ɗaga yunwa ta dame shi ya sayi fura da nono a bakin ruwa ya shanye ƙwarya guda. Ga zullumin 'yan duwan na Dahomi masu binciken kaya, da tunanin dariyar fatake.

Malam ya ce, “Ka ba hanji bulala da yamma, ka hana shi abinci da safe, ka tsorata shi, sannan ka zuba masa ƙwarya guda. Ko jaki ne ya yi tutsu. Mai jifan nan dai a ɗakinka yake kwana.”

Inna ta rufe fuska da gyale. Malam ya ce mata ba laifinta ba ne, rabin garin haka suke yi, ƙauna ce ta sa. Ya hana filasko. Ya ce Baba ya tashi da wuri ya sha kunu mai ɗumi, ya zagaya a natse kafin ya taɓa jirgi, ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya sha ruwa, ya bar goro sai bayan abinci, ya dakatar da nono wata guda a gani. Ya ba Inna dashen na'ana'a don shayi. Ya kuma ce, “Tsibirin nan ba ya gudu. In ka tuna yana nan, ba za ka buƙace shi ba sosai.”

Ranar bikin 'yancin kai, da aka ɗaga sabuwar tuta, 'yan'uwanmu na ƙetare suka so zuwa kallo, jirage suka yi kaɗan. Baba ya je ya kwaso su ya dawo, washegari ya mayar da su, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Da suka zo daidai tsibirin wani farke ya ce, “Arzika, ba ka gaida tasharka?” Baba ya ce, “Na bar maka ita gado.” Sarkin Jirgi bai sake tayar da maganar ba.

Ba zan ce ya warke ba, Malam ya hana mu faɗin haka. Cikin yakan tashi jefi-jefi, amma yanzu Baba ya san dalili, ba ya zargin kowa.

Malam, kai ne ka ji kunyarmu ba ka raina ta ba. Kai ne mai cewa “ba ni da maganinsa” ba tare da ka kori mutum ba. Yanzu na san igiya irin wannan tana rataye a ɗakuna da yawa, daga Illo har Geza. Wata Asama'u mai ƙosai ta ce tata ta kama albasa ɗanya, ta wani kuma barkono. Mai haƙurin sauraro, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka hutu cikin lafiya.

Ina roƙon wanda za a turo a madadinsa ya bar kujerar nan a inda take. Masu irin wannan ciwo kuma su daina ɓoyewa, su je a duba su tukuna, musamman in akwai jini ko rama.

Baba ya riga ya gaya wa Sarkin Jirgi cewa shi zai ƙetare da Malam da kayansa ranar tafiya. Malam ya ce ya yarda, da sharaɗin a tsaya a tsibirin ya ga wurin da idonsa. Baba ya ce jirginsa ba ya tsayawa a hanya.