Gwajin Ajidan Shaibu

Duk wanda ya san kawuna Ajidan Shaibu a Madarumfa ya san ba ya gaisuwa irin ta mutane. Kai ka rusuna ka ce, "Ina kwana, Kawu?" shi kuma ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Ka kulle?" In ka ce ka kulle gida, sai ya tambayi inda makullin yake. Kana taɓa aljihu zai girgiza kai ya ce, "To ga shi ka gwada mani wurin. Da ni ɓarawo ne hwa?"

Jandarma ne mai muƙamin ajidan, ya aje aiki, ya dawo mana da gashin baki da labarin wani horo da ya yi a Yamai kan hana sata tun ba a yi ta ba. Har takardar shaida ya ce an ba shi. Ba wanda ya taɓa ganin ta, don a cewarsa ita ma ana iya sace ta. Ba sarki ba ne ya naɗa shi, ba gwamnati ba, amma ya ɗauki tsaron garin nan kacokan ya aza a kansa.

Ku tuna takalmansa, jama'a! Ƙafar dama shuɗi, ta hagu ja. Silifa kala biyu ya saya ya gauraya, wai don kada ɓarayin ƙofar masallaci su yi sha'awa. Ɗaya haɗin kuwa ya adana shi na Sallah. Matarsa Inna Habsu takan ce, "Tun da anka kawo ni gidanga ban taɓa ganin ƙahwahunshi sun yi shawara ba."

Wata rana ya garƙama wa ƙofar gida kwaɗo, ya ɓoye makullin inda ɓarawo ba zai taɓa tunani ba. Shi ma bai tuna ba. Inna Habsu ta dawo daga suna, da ciwon gwiwarta, dole aka kafa mata turmin maƙwabta ta haura katanga tana salati. Muka ce yau kam Kawu zai ji kunya. Ina! Tsayawa ya yi yana kallo, hannu a baya, sannan ya ce, "In Habsu ta iya haura wagga katanga, ai ba katanga ba ce." Washegari ya kira magini aka ƙara mata tsawo.

Amma abin da ya fi fitinar mutane shi ne gwaji. Gwaji kuwa shi ne Kawu ya sace maka abu da rana tsaka, ya bar ka ka yi ta nema har gumi ya jiƙa ka, sannan ya dawo maka da shi tare da wa'azi. Kekena ya sha tafiya haka daga bakin kasuwa. Har ragon layyar liman bai tsira ba. Liman ya zo gidan Kawu ransa a ɓace, ya tarar da ragon yana cin harawa.

"Ajidan, sata dai haram ce."

"Allah shi gafarta Malam, ni ban sata ba. Na gwada maka yadda za a sata."

"To da na kai ƙara hwa?"

"Da na ji daɗi, Malam. Ko ihu ba ka yi ba."

A hankali gari ya saba. Abu ya ɓace, ba mai ihu, ba mai bin sawu. Sai a ce, "Ajidan ne, ya kawo," a ci gaba da hira. Da ƙafafu suka fara yi masa nauyi ma har aike yakan yi a ɗauko masa. Shi kuwa yana ta bugun ƙirji wai tun da ya dawo ba a ƙara jin kukan sata a Madarumfa ba.

Sai ga maganar Talatu. Kun san ta, matar marigayi Idi mai garka a bakin tabki. Abin da Idi ya bar mata da marayunta shi ne injin ban ruwa guda, da shi take shayar da tumatir da rani, da shi gidan ke ci. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ce, sabon inji ya fi ƙarfin ko manyan 'yan kasuwa. Wata rana da hantsi, tana gida tana dama fura, wasu mutum biyu suka zo garkar da amalanken jaki suka kama kwance injin. Masu garka na kusa suka tambaya.

"Ajidan ya aiko mu. Gwaji ne."

Aka kwashe da dariya. Har akwai wanda ya taya su ɗagawa, ba zan faɗi sunansa ba tunda ya yi furfura yanzu. Da za su tafi aka bi su da, "Ku gaida Ajidan!"

Ina zaune da Kawu a zaure washegari Talatu ta yi sallama ta durƙusa.

"Baba, na ji laihina, ban ɗaure shi da sarƙa ba. A yi mani wa'azin a ba ni injina, tumatir ya hwara laushi."

"Wane inji, ɗiyata?"

Ta yi murmushi, tana zaton cikin gwajin ne. Shi bai yi ba. Wallahi ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya miƙe ya hau ɗan babur ɗinsa mobilet ya nufi Ɗan Issa a bakin iyaka, kuma a ranar ce kaɗai na ga ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Tsofaffin abokan aikinsa na bakin iyaka suka ba shi kujera da shayi, suka ce inji kam tuni ya ƙetare. Ɗaya ma ya tambaye shi ko ya zo da takardar Yamai. Kawu ya aje kofin shayin ya kamo hanya. Ya dawo da yamma ya wuce mu ba "Ka kulle?" ba komai, abin ya ba mu tausayi.

Da safe sai ga shi a bakin tabki, ya naɗe wando, garwa biyu a sanda bisa kafaɗa, yana jido ruwa yana zuba wa tumatirin Talatu. Tsoho mai ciwon baya! Ta biyo shi tana kuka.

"Baba, don Allah ka bari, ba kai ka ɗauka ba."

"Da sunana anka ɗauka. Kauce, kina taka shuka."

Haka ya yi ta yi kullum har kunya ta kama masu dariyar, kowa ya riƙa kawo nasa injin ana ba ta ruwa bi da bi. Duk da haka bai aje garwa ba sai da aka tsinke tumatirin ƙarshe. Gwaji kuwa daga nan ya mutu. Amma kada ku ce ya shiryu, don garwannin nan, masu tsatsa da yoyo, kullum sai ya ɗaure su da sarƙa a gindin mangwaro.

Ranar da ya rasu gari ya fito kaf. Muna cikin sahu, liman na shirin kabbara, sai wani dattijo a baya ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kun kulle?" Dariya ta kufce mana, hawaye na zuba. Da muka dawo daga maƙabarta na tarar da Talatu a tsakar gida ta rungume silifan nan, shuɗi da ja, ta roƙi Inna Habsu ta bar mata su.

Allah ya jiƙan Kawu Shaibu, ya sa ruwan da ya jido wa marayu ya zame masa sanyi a kabari. Ya sha kulle ƙofofi a duniya, Allah ya sa ya tarar da ta rahama a buɗe. Amin.