Ragon da Kawu ya yanka wa fim ɗin Faransawa

Tarihin hulɗar Hausawa da Faransa yana da manyan ranaku, amma wadda ba za ta taɓa gogewa a raina ba ita ce ranar da Kawu ya yanka wa fina-finan Faransa rago a unguwar Shisha ta Makka.

Ɗansa da ke Agadas ne ya bugo waya ya ce ya yi aiki da wasu Faransawa masu ɗaukar fim, kuma ga bikinsu na shekara ya zo, inda ake karrama gwanaye. Kawu kuwa ya san yadda taro yake. Duk wanda aka miƙa wa lasifika sai ya kira mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa. Don haka ya bi shagunan unguwar Kudai yana gayya, a zo a ji sunansa a bakin Bature. Ni da na taɓa koyar da Faransanci a Damagaram aka naɗa tafinta.

Bayan azahar aka kunna maimaicin bikin a talabijin a falon Kawu. Ƙattai suna ta yabon juna, suna kuka a kan wani dunƙulen ƙarfe mai kama da gwangwanin da mota ta taka. Matan kuwa telolinsu sun yi rowar yadi, sai dattawa suka ƙura wa shinkafa ido.

Can wani mai gashi buya-buya ya ɗauki babbar kyauta. Ya gode wa uwarsa, ya gode wa likitansa, ya gode wa karensa.

"Yalla, me ya ce?" in ji wani Alhaji mai shagon turare.

"Godiya yake yi."

"Mun gani ai. Wa yake gode wa?"

Kawu ya damƙe mini gwiwa. "Malam, saurara da kyau."

Na dube shi, na dubi mutanen da ya tara. Na ce, "Yana gaida ɗan Kawu na Agadas, da mahaifinsa mazaunin Makka."

Falo ya ɗauki "Mabruk! Masha Allah!" Kawu ya fashe da kuka.

"Ni fa ban ji sunan ba," in ji mai turare.

"Faransanci ne, Alhaji. Rabinsa haɗiyewa ake yi."

Ranar na gane cewa ilimin da na yi shekaru ina tinƙaho da shi bai da nauyin hawayen dattijo guda. Na daina yi wa tafintocin sarakunan zamanin da kallon raini.

Abin da ɗan Kawu ya yi wa aiki kuwa, tallar tayar mota ce.